5S, Kanban, Kaizen ko Six Sigma: Da Wanne Mai Shago Zai Fara?

Duk wanda ya taɓa riƙe shago ko 'yar masana'anta ya san akwai asarar da ba ta shiga littafi. Yaro ya ɓata minti goma yana neman almakashi. An yanka yadi ya kwana bakwai a ninke yana jiran ɗinki. An gama riga, mai ita ya gwada, wuya ya matse, aka farke. Babu wanda ya saci ko kwabo, amma in wata ya ƙare sai ka ga abin da ya shigo bai kai wahalar da aka sha ba.

Wajen yaƙi da irin wannan asara Japanawa suka yi suna, musamman kamfanin motoci na Toyota. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ba shi da jari irin na Ford, kasuwarsa ma ƙarama ce, sai injiniyansa Taiichi Ohno ya shiga bin aiki daki-daki yana cire duk abin da ba ya ƙara wa mota daraja. Ya ƙirga ɓarna iri bakwai: yin kaya fiye da buƙata, jira, jigilar kaya daga nan zuwa can, aikin da ya wuce abin da mai saye ke so, jibge kaya a sito, kai-komon ma'aikaci, da kayan da suka fito da aibi. A 1988 wani mai bincike a jami'ar MIT ta Amurka, John Krafcik, ya laƙaba wa salon suna "lean", wato marar kitse.

Yau in ka buɗe waya kana neman yadda za ka gyara aikinka, sunaye huɗu za su yi ta zuwa maka: 5S, Kanban, Kaizen da Six Sigma. Kowanne da masu yabonsa, kai kuma ba ka da lokaci ko kuɗin gwada duka. Na riƙe littafin shagon ɗinkin yayana na tsawon shekaru, ukun farko duk mun gwada su da hannunmu, don haka misalaina da yawa daga wurin tela za su fito. Kafinta da mai gidan burodi da mai kemis za su gane nasu a ciki.

Ma'aunin da na ɗora su a kai

Na farko kuɗi. Ba abin da zai fita daga aljihu kaɗai ba, har da awannin da kekuna za su tsaya ana koyo ko ana gyara.

Na biyu sauƙi. Yaron da bai yi nisa a boko ba zai gane shi a yini ɗaya? Zai yi aiki ranar da babu wuta, babu data?

Na uku ɗorewa. Wannan ne na fi ba muhimmanci. Tsarin da zai rushe ranar da maigida ya yi tafiya, ko ya narke da zarar aikin Sallah ya taso, bai cancanci a kira shi tsari ba.

Na huɗu haɗari: in an yi shi ba daidai ba, me zai ɓata?

Akwai kuma tambayar da ke gaba da waɗannan duka: wace cuta kowanne ke magani? Don ba kishiyoyin juna ba ne. Maganin ciwon kai daban, na ciwon ciki daban.

5S: maganin neme-neme

Sunan ya fito daga kalmomin Japananci biyar masu farawa da harafin S. Seiri, a ware abin da ake amfani da shi daga wanda ba a yi. Seiton, a ba kowane abu mazauni. Seiso, a share a goge, ana yi ana duba abin da ya fara lalacewa. Seiketsu, a mai da ukun nan ƙa'ida da kowa ya sani. Shitsuke, a riƙe ƙa'idar har ta zama ɗabi'a.

In kana son ganinsa a aikace, je teburin mai shayin da ya ƙware. Yana hira da kai, hannunsa na zuwa kan gwangwanin madara, ya dawo kan sukari, ya ɗauki wuƙar burodi, bai kalli ko ɗaya ba. Komai na inda ya bar shi jiya da shekaranjiya. Bai taɓa jin sunan 5S ba, amma shi yake yi.

Ranar da muka yi namu, mun rufe shago yini guda muka fito da komai waje. A ƙarƙashin teburin yanka muka zaƙulo buhunan ragowar yadi, da kan keke matacce, da almakashi har uku da aka daɗe da cewa sun ɓata aka sayi wasu. Duk abin da aka yi gardama a kansa, wannan ya ce a zubar wancan ya ce zai yi amfani wata rana, sai mu ɗaura masa jan ƙyalle mu ajiye a lungu guda. Bayan wata ɗaya abin da babu wanda ya taɓa ya fita. Muka kafa katako a bango, muka buga ƙusoshi, muka zana siffar kowane almakashi da tef da rula a inda yake rataye. In wuri ya zama fanko, daga bakin ƙofa za ka gani.

Kuɗinsa kaɗan ne: katako, ƙusa, fenti, da cinikin yini ɗaya. Sauƙinsa babu na biyunsa, kuma a ranar za ka ga bambanci. Rauninsa ɗorewa. S uku na farko kowa na iya yi, na huɗu da na biyar nan ake faɗuwa. Namu ya fara zubewa cikin 'yan makonni, sai da muka ware minti biyar kafin tashi kullum, kowa ya mai da kayan kekensa mazauninsu, yayana ma yana yin nasa a gaban yara.

Haɗarinsa biyu. Ana iya mai da shi ado kawai, shago ya yi fes amma alkawari na nan yana karyewa kamar da. Ana kuma iya mai da shi bulala, maigida ya riƙa zagaye yana faɗa kan tsintsiya, har yara su tsani abin.

Kanban: maganin jira da saɓa alkawari

Kanban da Japananci na nufin kati ko allon sanarwa. Ohno ya ɗauko dabarar daga manyan kantunan Amurka, inda mai saye ke ɗaukar abin da yake so a kan kanta, ma'aikaci kuma ya mayar da daidai abin da aka ɗauka. Ya fara gwada ta a wani sashen Toyota a 1953, zuwa 1963 ta game masana'antun kamfanin. Ƙa'idar ita ce na baya ba ya yin aiki sai na gaba ya nema. Aiki janyo shi ake yi, ba a tura shi.

Fuska biyu gare shi, kuma ya kamata a raba su don haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Fuskar farko allon aiki ne mai iyaka. Ka ja layuka a allo: an karɓa, yanka, ɗinki, aikin wuya, guga, an gama. Kowane ɗinki da katinsa, ɗauke da sunan mai shi da ranar alkawari. Sannan abin da mutane ke tsallakewa, alhali shi ne ruhin abin: a saman kowane layi ka rubuta adadin katin da ba za a wuce ba. In layin ɗinki ya cika, mai yanka ya ajiye almakashi ya je ya taya guga ko sa maɓalli.

Lissafin ba wuya. A ce shagonka na gama kaya 6 a yini, kuma akwai 60 a ƙasa. Duk wanda ya kawo ɗinki yau zai jira kwana 10, ko ka rantse masa da me. In ka karɓi wasu 60 a kai, jiran ya zama kwana 20. Karɓar aiki ba ta ƙara saurin keke.

Mun koyi wannan da zafi. Wata shekara cikin azumi yayana bai mayar da kowa ba. Yadi na shigowa ana yankawa, don an san in an yanka mai shi ba zai ɗauke ya kai wani wuri ba. Wannan ɗabi'a ta yaɗu a tsakanin teloli, kuma ita ce ainihin ɓarnar farko da Ohno ya lissafa: sashe ɗaya ya yi aiki fiye da abin da na gabansa zai iya ɗauka. Daren Sallah shago ya cika da masu jira. Ba na manta wani dattijo da ya zauna a benci tun bayan isha'i, kayan jikokinsa uku na nan a yanke ba a sa musu allura ba. Bai ɗaga murya ba. Wajen ƙarfe biyu ya miƙe ya ce, "Malam, da ka gaya mini tun farko, da na san abin da zan faɗa wa yaran." Ya karɓi yadinsa a yanke ya tafi, bai sake dawowa ba.

Shekarar da ta biyo muka kafa allo. Muka ƙirga abin da kekuna ke iya fitarwa a yini, muka rage kaɗan saboda ɗaukewar wuta, muka ninka da kwanakin da suka rage. Da katunan suka kai adadin, aka daina karɓa. Abin da ya fi wuya shi ne buɗe baki a faɗa. Wani babban kwastoma ya zo da shadda, yayana ya kai shi gaban allon ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ga abin da ke gabanmu. In na karɓa ƙarya zan yi maka. In bayan Sallah ne, kai ne na farko." Alhajin bai ji daɗi ba a ranar, amma bayan Sallah ya dawo da shaddarsa.

Kuɗin allo bai taka kara ya karya ba: allo, kwali, da alƙalamin maka. Akwai manhajoji irin su Trello masu yin wannan a waya, suna da amfani ga ma'aikatan ofis da ba sa zama wuri ɗaya, amma a shago allon bango ya fi, don kowa na gani har kwastoma, kuma caji ba ya ƙare masa. Wajen sauƙi yana tsaka-tsaki: zana layuka wasa ne, riƙe iyaka kuwa sai an danne zuciya, musamman lokacin da kuɗi ke tsaye a bakin ƙofa. Yana ɗorewa fiye da 5S saboda kullum ana taɓa shi, in kati bai motsa ba kwana biyu kowa zai tambaya. Haɗarinsa a sa iyaka ta yi ƙasa da yawa har kekuna su zauna, ko a bar mai alfarma ya riƙa tsallake layi har allon ya zama ƙarya. Mu mun bar gurbi ɗaya tak na gaggawa, in an cika shi sai ya fita kafin wani ya shiga.

Fuska ta biyu ta kayan aiki ce: kada a tara, a sayo daidai lokacin buƙata. Nan nake jan kunne. Toyota kanta ta ɗanɗana kuɗarta. Ranar 1 ga Fabrairun 1997 gobara ta tashi a masana'antar Aisin, wadda kusan ita kaɗai ke yi mata wani ɗan bawul na birki. Da yake ba a ajiye da yawa ba, layukan haɗa mota suka tsaya na kwanaki, sai da wasu kamfanoni da dama suka haɗu suka ƙera shi. Bayan girgizar ƙasar da aka yi a Japan a 2011 kuma kamfanin ya sake lale, ya nemi masu kawo masa wasu ƙananan na'urorin lantarki su riƙa ajiye na watanni. To in haka ta faru a ƙasar da mota ke isowa kan minti, ina ga wanda kayansa ke zuwa daga Kantin Kwari ko Legas, ga hanya ba tabbas, ga farashi na iya tashi kafin ya koma kasuwa? Mai gidan burodin da ya ce ba zai ajiye fulawa ba don ya ji ana cewa tara kaya ɓarna ce, zai wayi gari murhu a kashe.

Abin da ya dace da mu shi ne kwali biyu. Zare baƙi kwali biyu, fari kwali biyu, haka allura da zif. Ana ɗiba daga na gaba. Ranar da ya ƙare, katin da ke ƙasansa ya tafi hannun mai sayayya, a ci gaba da na biyu. Girman na biyun ya zama abin da ake ci kafin sabon kaya ya iso, da ɗan ƙari saboda tsaro. Ba ka jibge jari ba, kuma ba za a tura yaro kasuwa da tsakar rana neman zare guda ba.

Kaizen: maganin kuskuren da ke ta dawowa

Kaizen na nufin canji zuwa mafi kyau. Shi ba allo ba ne, ba fenti ba, ɗabi'a ce ta gyara ɗan abu kullum, kuma masu aikin su ne masu gyaran. A 1950 Eiji Toyoda, ɗaya daga cikin manyan Toyota, ya ziyarci masana'antar Ford a Amurka ya ga suna karɓar shawarwarin ma'aikata, a 1951 Toyota ta kafa nata tsarin. A 1950 ɗin ne kuma Ba'amurke W. Edwards Deming ya koyar da injiniyoyi da shugabannin kamfanonin Japan kan inganci, daga koyarwarsa aka samo zagayen nan mai hawa huɗu: a tsara, a gwada, a duba sakamako, a tabbatar ko a sake.

Babban makaminsa tambayar "me ya sa" sau biyar. Misalin Ohno sananne ne. Inji ya tsaya. Me ya sa? Fis ya ƙone don nauyi ya yi yawa. Me ya sa? Inda ƙarfe ke juyawa bai samu mai sosai ba. Me ya sa? Famfon mai ba ya turawa yadda ya kamata. Me ya sa? Sandarsa ta cinye. Me ya sa? Babu matata, ɓurɓushin ƙarfe na shiga. Wanda ya tsaya a tambayar farko fis zai canza, bayan ɗan lokaci inji ya sake tsayawa.

Mu namu riguna ne ke dawowa, wuya ko hannu ba daidai ba. Da, abin da ake tambaya shi ne "wa ya ɗinka?", a yi wa yaro faɗa, mako mai zuwa wata ta dawo. Da muka koma "me ya sa", sai ga shi mai ɗinki ya bi yankan da aka ba shi, mai yanka ya bi lambar da ya gani, lambar kuwa da alli aka rubuta a jikin yadi, ninkewa da gogayya suka cinye rabinta, 17 ta koma kamar 11 ko 12, mai yanka ya cika da kintace. Me ya sa ake rubutawa a yadi? Don littafin awo na cikin durowar maigida, shi kuma yakan fita da makulli. Gyaran bai ci komai ba: awo ya koma bayan katin allo, da biro, katin na tafiya tare da yadin. Ƙaramin yaron shagon ne ya kawo shawarar.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa Kaizen ke da daɗin faɗa da wuyar yi. A wurinmu yaro ba ya gyara wa maigida zance. Tarbiyya ce, kuma ba na kushe ta. Amma sakamakonta shi ne wanda ya fi kowa sanin inda aiki ke cijewa shi ne ya fi kowa yin shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai in ba a tambaye shi ba zai ci gaba da tara kwano. In ka tara yara ka ce "wa ke da shawara?" za su sunkuyar da kai. Tambayar da ta yi mana aiki ita ce, "Jiya me ya fi ba ka wahala?" Wannan kowa na iya amsawa ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba. Ɗaya ya ce fitila ba ta kai kan allurarsa da yamma. Ɗaya ya ce wayar dutsen guga gajera ce, sai ya juya da rigar maimakon dutsen. A gyara abu ɗaya a makon nan, a faɗi sunan wanda ya kawo shi a gaban kowa, mako mai zuwa bakuna za su buɗe.

Ga mai shakkar ko yaransa za su iya, labarin Fremont a jihar Kalifoniya ya ishe shi. General Motors ta rufe masana'antarta ta can a 1982, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da yawancin tsofaffin ma'aikatan. Aka ba kowa ikon jan igiya ya nemi taimako, har layi ya tsaya in ya ga matsala. Ba a daɗe ba ingancin motocin wurin ya shiga sahun gaba a duk masana'antun General Motors. Mutanen su ne na da, yadda ake sauraronsu ne ya canza. A nahiyarmu ma, Habasha ta nemi taimakon hukumar JICA ta Japan zamanin Firaminista Meles Zenawi, aka fara gwaji a wasu masana'antu a 2009, a 2011 ta kafa cibiyar Kaizen ta ƙasa.

Kuɗinsa minti goma kowace safiya da ɗan abin da gyare-gyare za su ci. Sakamakonsa ba ya zuwa da wuri, sai an yi watanni ana tarawa. In ya kama ƙasa ya fi sauran ɗorewa, don ya koma cikin mutane, har 5S da allon Kanban shi ke riƙe su kada su zube. Haɗarinsa kuwa ya fi na sauran ciwo, don amana yake taɓawa. In an karɓi shawara sau uku ba a yi komai ba, ba za a sake samun ta huɗu ba. In gyara ya sa aiki ya yi sauri sai maigida ya sallami mutum ɗaya, ya koya wa sauran cewa shawara rami ce da suke haƙa wa kansu. Akwai kuma wanda ake biya bisa yawan abin da ya ɗinka: minti goman nan daga aljihunsa suke fita. Dole ya ga rabonsa a cikin ribar gyaran, ko da ta hanyar raguwar farke-farken da ba a biyansa.

Six Sigma: maganin rashin daidaito a kaya masu yawa

Wannan ba ɗan gidan Toyota ba ne. A kamfanin Motorola na Amurka aka haife shi a 1986 ta hannun injiniya Bill Smith, Jack Welch, shugaban kamfanin General Electric a lokacin, kuma ya yi masa suna da ya shigar da shi kamfanin a 1995. Burinsa aibi kada ya wuce 3.4 cikin miliyan. Yana tafiya hawa biyar: a fayyace matsala, a auna, a yi nazarin alƙaluma, a gyara, a tsare gyaran. Masu yinsa na da matakai da ake kira ɗamara, kore da baƙa, irin na 'yan kareti.

Abincinsa alƙaluma ne masu yawa na abu iri ɗaya. Shagon da ke ɗinka kaya ɗari biyu a wata, kowanne da awonsa, ba shi da abin da zai ba shi. Ya dace da kamfanin ruwan leda, injin casar shinkafa, babban gidan burodi, ɗakin gwajin jini, banki. Shi ya fi tsada nesa ba kusa ba: kwas, jarrabawa, mutum mai ilimin ƙididdiga, da watanni kafin aiki ɗaya ya kammala. Yana ɗorewa muddin ƙwararren na nan kuma shugabanni na mara masa baya, in ya bar aiki yakan tafi da abinsa. Haɗarinsa a kashe kuɗi a samo takardar shaida a rataye, aiki bai canza ba. Yana kuma iya takura wa masu ƙirƙira: an yi wannan kuka a kamfanin 3M bayan shugabansa na lokacin, James McNerney, ya shigar da shi a farkon shekarun 2000, har magajinsa ya sassauta shi a sashen bincike.

Abu ɗaya nasa kowa na iya ara kyauta: sikeli da littafi. A ce gidan burodi na gasa 2,000 a yini, kowanne ya haura nauyinsa da giram 10. Kilo 20 na kwaɓi ke nan ke fita kullum ba a biya ba. Auna guda goma kowace awa a rubuta zai tona wannan, ba sai da ɗamara ba.

| | 5S | Kanban | Kaizen | Six Sigma |
|---|---|---|---|---|
| Cutar da yake magani | Neme-neme, cunkoso | Jira, saɓa alkawari, yankewar kaya | Kuskure mai dawowa | Rashin daidaiton awo da nauyi |
| Kuɗi | Kaɗan | Kaɗan | Kaɗan, amma kullum | Mai yawa |
| Sauƙi | Mafi sauƙi | Matsakaici | Sauƙin faɗa, wuyar yi | Sai ƙwararre |
| Ganin sakamako | A ranar | Makonni | Watanni | Watanni |
| Ɗorewa | Mai rauni shi kaɗai | Mai kyau | Mafi ƙarfi in ya kama | Ya rataya ga ƙwararren |
| Babban haɗari | Ya zama ado ko bulala | Rage kaya har aiki ya tsaya | Ɓata amanar ma'aikata | Asarar kuɗi a kan takarda |

Wa ya dace da wanne

In kalmar da aka fi ji a shagonka ita ce "ina kaza?", fara da 5S. Makanike, kafinta, mai gyaran waya, mai kemis da magani ke lalacewa a bayan kanta, da uwargidan da ke sayen kayan miya alhali akwai wani a ƙasan kwando, duk nan suka dosa. Kada ka taɓa shago duka, ɗauki teburi ɗaya ko durowa ɗaya.

In kalmar ita ce "dawo gobe", allon Kanban ne naka. Tela, mai walda, mai buga takardu, mai ɗaukar hoton biki, ma'aikacin ofis da fayil ke kwana a teburinsa, har ɗalibin da ya buɗe littafi biyar bai gama ko ɗaya ba. Ga yawancin masu sana'ar hannu da ke karɓar aiki da alkawari, ni nan nake ba da shawarar a fara, don shi ke taɓa abin da kwastoma ke ji a jikinsa.

In kana yawan tura yaro kasuwa aiki na tsaye, kwali biyu ya ishe ka. Kada ka rage ajiyar abin da in ya yanke komai zai tsaya.

In wurinka a tsare yake, alkawari na cika, amma kuskure ɗaya na ta dawowa, ko kana da ma'aikata biyar zuwa sama da suka daɗe tare da kai, lokacin Kaizen ya yi. Sharaɗinsa ɗaya, kuma a kanka yake: za ka iya jin gyara daga bakin yaronka ka yi aiki da shi? In amsar a'a ce tukuna, tsaya kan allo har ka shirya.

In kana fitar da dubban kaya iri ɗaya a yini, kana da mai riƙe alƙaluma, kuma ka riga ka yi ukun can, to Six Sigma zai iya biyan kuɗinsa. Kafin ka biya kuɗin kwas, yi wata guda da sikeli da littafi ka ga girman ɓarakar.

In kuma ba ka tantance cutarka ba, an ce Ohno kan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta ya tsayar da injiniya a ciki na awanni, ba abin da zai yi sai kallo. Ɗauki kujera ranar da aiki ya yi yawa, ka kashe waya, ka zauna awa biyu da takarda mai layi uku: nema, jira, sake aiki. Duk lokacin da ka ga wani na neman abu, ko hannunsa a sake yana jiran wani, ko yana gyara abin da aka riga aka yi, ja ɗan layi. Wanda ya fi cika, in nema ne 5S, in jira ne Kanban, in sake aiki ne Kaizen.